Gwaibar juji ta tsira, ta cikin leda ta ƙi: fashin baƙi kan taki, ƙananan halittu da irin gwaiba

Duk wanda ya tashi a gida mai juji a bayansa ya san wannan abu. Damina na kankama sai ka ga gwaiba ta tsiro inda babu wanda ya shuka ta, a gindin katanga, ko bakin kwata, ko gefen turken awaki. Ba wanda ya jiƙa ta, ba wanda ya yi mata rumfa, amma ga ta nan kore shar. Shi kuwa mai lambu ya kashe kuɗi ya sayo leda, ya cika da ƙasa da taki, ya zuba iri, yana ban ruwa safe da yamma, sai a shafe wata guda ledoji da yawa ko alamar tsiro babu. Waɗanda suka daure suka fito ma, wata safiya sai ya tarar wasu sun kwanta kamar an matse su a wuya.

Na daɗe ina juya wannan abu a raina, domin a nan ne gindin maganar da ake yi yanzu ta haɗa ƙananan halittu masu amfani da takin gargajiya don irin gwaiba ya fito da wuri, ya kuma fito da yawa. Masana a Indiya da Barazil sun yi shekaru suna aiki a kai, kuma masu sayar da kayan gona sun fara tallar garin waɗannan halittu a wurinmu. Abin yana aiki, amma mafi yawan aikin halittun nan gadi ne da ciyarwa. Suna tsare iri daga ruɓewa yayin da yake kwance yana jiran ranar fitowarsa, sannan su tallafi saiwar idan ta leƙo. Wanda ya zuba su a kan mataccen iri ko ɗanyen taki ya zubar da kuɗinsa.

Ita kanta gwaiba baƙuwa ce a ƙasarmu. Asalinta yankin nahiyar Amurka mai zafi ne, daga Meziko zuwa Amurka ta Kudu, kuma jiragen ruwan Turawan Sifen da na Fotigal ne suka yaɗa ta a duniya. Yau Indiya ce kan gaba wajen nomanta, da nau'o'i irin su Allahabad Safeda da Sardar, wadda ake kira Lucknow 49. Giram 100 na gwaiba yana ɗauke da fiye da miligiram 200 na bitamin C, kusan ninki huɗu na abin da ke cikin lemon zaƙi, ga shi tana jure ƙasar da itatuwa da yawa ba sa jurewa.

Wani zai ce, tunda ana sayar da gwaiba mai aure, wato wadda aka haɗa reshen gwaiba mai kyau a kan gindin wata, me ya kai mutum wahala da iri? Gaskiya ne, gwaibar da aka tayar daga iri ba lallai ta gado uwarta ba. Ka ci mai zaƙi mai jan ciki, ka shuka 'ya'yanta, bayan shekara uku ka tarar albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin ƙudan zuma sun ɗauko garin fure daga wata bishiyar. Amma shi auren a kan me ake yinsa? A kan gindin da aka tayar daga iri. Kowace gwaiba mai aure da ka gani a lambu, saiwarta daga ƙwaya ɗaya ta fara. Idan ƙwayar nan ta fito a makare, ko ta fito da cuta a saiwa, reshe mafi tsada ba zai gyara ba.

Gwaiba ɗaya tana iya ɗauke da 'ya'ya daga ɗari zuwa ɗari biyar, kowanne bai kai ƙwayar dawa girma ba, amma wanda ya taɓa gasa wa ɗaya haƙori ya san taurinsa. Wannan ɓawo mai kama da tsakuwa shi ne matsalar farko. Iri ba ya farkawa sai ya sha ruwa. Ruwan ne ke tayar da sinadaran da ke narkar da guzurin abincin da ke cikinsa, sannan saiwar farko ta samu ƙarfin tura ɓawon ta fito. A wake wannan aikin kwana uku ko huɗu ne. A gwaiba mako biyu zuwa uku ne idan komai ya yi daidai, kuma yakan kai mako takwas. A lura da abin da hakan ke nufi. Duk tsawon waɗannan makonni irin yana kwance cikin ƙasa mai danshi da ɗumi, wato daidai yanayin da funfuna mai ruɓar da iri take so. Kowace rana da ya ƙara a ƙasa, an ƙara wa maƙiyinsa rana ɗaya.

To me juji yake ba shi? Na farko, irin juji ya bi ta cikin mutum ko tsuntsu ko dabba, an wanke masa naman da ke manne da shi, naman da ke jawo funfuna da tururuwa. Ta wannan hanya ce gwaiba ta zama annoba a tsibiran Galapagos da Hawai da Fiji, inda shanu da aladu da tsuntsaye ke baza ta ko'ina. Na biyu, yana kwance a sama-sama, ba a binne shi ba. Wani bincike da aka yi a Barazil ya nuna cewa idan zafi bai canzawa, irin gwaiba yana bukatar haske kafin ya tsira, amma idan zafin rana da sanyin dare suna sauyawa a kansa yakan tsira ko a duhu. Irin da aka tura can ƙasan leda da yatsa ya rasa duka biyun. Na uku, tsohon juji cike yake da rai, halittu iri-iri suna cin juna suna tare wa juna hanya, babu wadda ta samu fili ita kaɗai. Sai dai kada juji ya ruɗe mu. Dubban 'ya'ya ne suka faɗa wurin, mu kuma guda biyun da suka rayu muke gani. Mai lambu ba zai iya wannan asarar ba. Abin da yake nema shi ne ya ɗauko alherin juji ya bar sharrinsa.

Aikin yana farawa tun daga zaɓen gwaibar. A samo nunanniya daga lafiyayyar bishiya, a matse 'ya'yan a ruwa, a cuɗa su sosai har santsin ya fita. Waɗanda suka taso sama a zubar. Sauran a shanya a inuwa, a kuma shuka da wuri, domin ƙarfin irin gwaiba raguwa yake yi da ajiya. Kafin shuka a jiƙa shi kwana ɗaya zuwa biyu, ana sauya ruwan. A ɗakunan bincike suna goge ɓawon da ruwan asid, wasu littattafan kuma suna cewa a tsoma shi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci. Ni ba na ba wa ƙaramin mai lambu shawarar ko ɗaya. Asid yana ƙona hannu da ido, tafasasshen ruwa kuma tazarar da ke tsakanin tausasa ɓawo da dafa iri ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Akwai kuma sinadarin jibaralin da ake jiƙa iri a ciki don ya farka da wuri. Labarin wannan sinadari yana da daɗi, domin shi ma daga funfuna aka fara gano shi. A 1926 wani masanin Japan, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa abin da ke sa wata shinkafa mara lafiya ta yi tsawo fiye da kima wani ruwa ne da funfunar da ta kama ta take fitarwa. Ke nan tun asali halittun da ido ba ya gani suna da hannu a girman tsiro.

Matsala ta biyu ita ce waccan kwantawar da na ambata. Ka duba irin wannan tsiro da kyau, za ka ga daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya sirance ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, alhali ganyen biyu na sama suna nan kore. Wannan aikin Pythium ne da Rhizoctonia da Fusarium, halittun da ke zaune a ƙasa suna jiran yawan ruwa da cunkoso. Wani lokaci ma tun a ƙarƙashin ƙasa suke cinye irin, mai lambu ya ce iri ne bai da kyau.

A nan Trichoderma take shigowa. Ita ma funfuna ce, mai launin kore, amma abincinta har da 'yan uwanta. A 1932 wani masani, Richard Weindling, yana aiki a Kalifoniya, ya kalli yadda take nannaɗe zaren Rhizoctonia tana cinye shi, kuma matsalar da ake fama da ita a can a lokacin irin tamu ce sak, wato mutuwar ƙananan tsiron lemo a wurin raino. Trichoderma tana girma da sauri, ta mamaye jikin iri da saiwa kafin mai cuta ya iso, ta cinye abincin da zai ci, ta fitar da sinadaran da ke narkar da bangon jikinsa. Bayan haka tana sa saiwa ta yi rassa da yawa. Amma rigakafi ce, kuma rigakafi kafin ciwo ake yinsa. Idan tsiro ya riga ya kwanta, ba ta tayar da shi.

Cikin baktiriya akwai Pseudomonas fluorescens, wadda dabararta ita ce ta kwashe sinadarin ƙarfen da ke kewayen saiwa ta bar mai cuta da yunwa. Akwai Bacillus subtilis, wadda nake ganin ta fi dacewa da ƙasarmu saboda idan zafi da fari suka matsa takan dunƙule cikin wani kwanso ta yi barci har ruwa ya dawo. Akwai Azotobacter, wadda Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya gano a 1901, da Azospirillum, wadda aikin Johanna Döbereiner a Barazil ya fito da ita fili a shekarun 1970. Waɗannan biyun suna kamo naitirojin daga iska, suna kuma fitar da sinadaran girma irin su oksin da jibaralin. Sai masu narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa, kamar Bacillus megaterium.

Sai dai a nan ne talla take wuce gona da iri. Iri ba ya bukatar naitirojin ko fosfaras, wato sinadaran da tsiro ke ci, daga waje don ya tsira, da guzurinsa ya zo. Don haka amfanin masu kamo naitirojin da masu narkar da fosfaras ba a ranar fitowa yake bayyana ba, sai tsiro ya cinye guzurinsa ya fara neman abinci da saiwarsa. Abin da ke taɓa ita kanta tsirar shi ne kariya daga ruɓewa, da ɗan tallafin sinadaran girma. Wanda ya gane wannan zai san abin da zai saya da fari idan kuɗinsa kaɗan ne: mai gadi tukuna, mai ciyarwa daga baya.

Hanyar shafa su a jikin iri ba ta da wuya. Masana a jihar Montana ta Amurka ne suka fito da ita fili a 1990 a kan masara mai zaƙi, inda suka haɗa jiƙa iri da lulluɓe shi da baktiriya don ta zauna daram kafin a kai shi ƙasa. Bayan an tsame irin gwaiba daga ruwa, a yayyafa masa wani abu mai danƙo don garin ya kama. A Indiya suna amfani da ruwan baƙin sukarin rake, wanda ba komai ba ne illa mazarƙwailarmu. Ƙaro ma yana yi, kuma ƙaro namu ne, daga Yobe da Borno da Jigawa ake kai wa duniya. Ma'aunin da Jami'ar Aikin Gona ta Tamil Nadu ta saba bayarwa shi ne giram 4 na garin Trichoderma ko giram 10 na Pseudomonas a kowane kilo na iri. Kilo ɗaya na irin gwaiba kuwa 'ya'ya ne dubun-dubata, saboda haka abin da yatsu uku za su ɗebo ya ishi ƙaramin mai raino. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa ya kwana, a shuka da yamma, zurfin rabin santimita zuwa santimita ɗaya.

Amma ɗan garin da ke jikin iri ba zai daɗe ba idan ƙasar da aka kai shi ba ta da abin da zai ci. Wannan ne ya sa ba a raba maganar halittun nan da maganar taki. Ƙasar yankinmu na sabana, musamman jigawa, sinadarin ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, fosfaras ɗinta ma kaɗan ne. Ga halitta mai rai, irin wannan ƙasa gida ne babu hatsi. Taki shi ne rumbun. Shi ke riƙe danshi daidai gwargwado don ɓawo ya yi laushi, shi ke hana saman ƙasa yin ɓamɓaroki ya danne tsiro, shi ne kuma abincin masu gadi.

Shi ya sa hanyar da na fi yarda da ita ita ce a raini halittar a cikin takin tukuna. A gauraya kilo ɗaya na garin Trichoderma da kimanin kilo 100 na ruɓaɓɓen kashin shanu, a yayyafa ruwa har ya zama idan ka dunƙula a hannu yana kamawa amma ba ya ɗiga, a tara a inuwa, a rufe da buhu, ana juyawa bayan 'yan kwanaki. Cikin mako ɗaya zuwa biyu, idan ka ɗaga buhun, za ka ga farin zare kamar saƙar gizo ya bi jikin takin, daga baya ya koma kore-kore. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe tsugune a wurin. Abin da nake karantawa a takarda ne ga shi a tafin hannuna, yana da ɗan sanyi, yana ƙanshin ƙasa.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce ruɓaɓɓe. Mafi yawan asarar da na gani a wuraren raino ɗanyen taki ne ya jawo ta. Taki da bai gama ruɓewa ba yana fitar da iskar amoniya, wadda ke ƙona saiwar farko tun tana fara leƙowa. Yana da gishiri mai yawa, gishirin kuma yana janye ruwa daga jikin iri maimakon ya bar shi ya sha. Yana ci gaba da zafi a cikin leda. Yana kawo gwazarma da gara da irin ciyawa. Kashin kaji ya fi kowanne wannan hali saboda ƙarfinsa, kuma idan ya zo da ɗanyen garin katako, halittun da ke cin katakon sai su wawushe naitirojin ɗin da ke ƙasa, tsiro ya yi rawaya alhali an ce an ba shi taki. Wani tsohon mai lambu da nake zuwa wurinsa, na taɓa kai masa buhun kashin kaji ina murna. Ya cusa hannu ciki har gwiwar hannu, ya zaro, ya sansana, ya ce, “Ɗana, wannan bai huce ba. Ka kai shi bayan rumfa, sai bayan damina mu yi magana.”

Takin da aka tara aka jiƙa ana juyawa yakan kai zafin digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Idan ya nuna sai ya huce, ya yi baƙi, ya rugurguje, ba ka iya gane me da me aka zuba, kuma yana irin ƙanshin nan na ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Wannan ƙanshin ma wasu baktiriya ne da ake kira Streptomyces suke samar da shi. Idan ana son tabbaci, akwai gwajin da masanan taki a Turai suka daɗe suna yi da irin wani ganye mai saurin fitowa kuma mai saurin jin guba, ganyen nan kuwa lansir ne da muke yankawa a kan abinci. A zuba irin lansir a kwano biyu, ɗaya da haɗin takinka, ɗaya da yashi zalla. Cikin kwana uku za ka ga amsa. Idan na cikin taki ya ƙi fita, ko saiwarsa ta gajarce ta ƙone a baki, kada ka ba gwaiba wannan takin. Gara ka yi asarar lansir na kwana uku da ka yi asarar gwaiba ta wata biyu.

Takin bolar birni a yi hattara da shi, akwai batura da toka da gishirin girki a ciki. Takin kashin tana kuwa yana da kyau ƙwarai a wurin raino saboda laushinsa da yawan halittun da ke cikinsa. Ɗaya daga cikin tanar da Indiyawa suke kiwo don wannan aiki, Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma ne. Su suna kiwon tamu suna sayar da kashinta, mu muna taka ta a fadama. Ko shi ma kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na haɗin, domin idan ya yi yawa gishirinsa yana rage tsira. Haɗin da aka saba da shi shi ne ƙasa biyu, yashi ɗaya, taki ɗaya, kuma idan ƙasar laka ce a ƙara yashi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa.

A Indiya akwai manoman da ke jiƙa iri a ruwan kashin saniya, kuma wani masanin noma na can, Subhash Palekar, ya yaɗa wani haɗi mai suna bijamrit, na kashin saniya da fitsarinta da ɗan farar ƙasa da dunƙulen ƙasar gona. Babu shakka akwai halittu masu rai a ciki. Amma haɗin na yau ba irin na gobe ba ne, kuma wani ɓangare na amfanin daga jiƙawar kanta yake fitowa. Wanda zai gwada ya ajiye wani irin da ya jiƙa a ruwa zalla a gefe, don ya san wa zai gode wa.

Akwai abin da masu saye suke mantawa: abin da ke cikin ƙullin nan rai gare shi. Garin Trichoderma yakan yi 'yan watanni ne kawai, yawanci huɗu zuwa shida, kuma ta fi jin daɗi a zafin digiri 25 zuwa 30. Na taɓa sayen ƙulli a wani shago inda aka rataye shi a ƙarƙashin kwano cikin watan Afrilu. Na haɗa da taki, na jira mako biyu, ko ɗigon kore ban gani ba. Tun daga nan nake duba ranar da aka yi shi da ranar ƙarewarsa da lambar NAFDAC, nake kuma kallon inda aka ajiye shi. A gida za ka iya gwadawa: dafaffiyar shinkafa da ta huce a kwalba biyu masu tsabta, ka barbaɗa garin a ɗaya, ka rufe duka. Idan mai garin ta rigayi ɗayar yin fari sannan kore cikin kwana uku zuwa biyar, da ransa. Kada kuma a haɗa shi da maganin funfuna irin su kabendazim, ko garin maganin da ake gauraya iri da shi kafin shuka, domin maganin bai san na gida da ɓarawo ba. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana a buɗe.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a Najeriya. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fitar da NoduMax, baktiriyar da ake shafa wa irin waken suya, da Aflasafe, funfunar da ba ta da guba wadda ake watsawa a gonar masara da gyaɗa don ta kori mai guba. Amma kowanne da aikinsa. Baktiriyar NoduMax da waken suya take hulɗa, ba abin da za ta yi wa gwaiba.

Sai maikoraiza, wadda masanin Jamus Albert Bernhard Frank ya raɗa wa suna a 1885. Funfuna ce da ke shiga cikin saiwa ta zauna, ta miƙa zarenta nesa cikin ƙasa tana ɗebo fosfaras da ruwa, tsiro kuma yana biyanta da sukari. Gwaiba tana karɓarta hannu bibbiyu. Ba ta da hannu a tsira, tunda sai da saiwa take rayuwa, amma tana daga cikin abin da ke raba dashen da zai jure ranar farko a gona da wanda zai yi yaushi. A sa ta a ƙasan iri ko a ramin leda lokacin dashe, inda saiwa za ta taɓa ta. Ana iya ninka ta a gida: a ɗebo ƙasa daga gindin lafiyayyar bishiya a wurin da ba a noma, a shuka dawa ko masara a ciki cikin tukunya, bayan wata uku a daina ban ruwa, a yayyanka saiwoyin a gauraya da ƙasar. Takin zamani mai yawan fosfaras yana sa tsiro ya daina karɓarta.

Ɗebo ƙasa kuwa yana da nasa haɗari, kuma wannan ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Akwai tsutsar saiwa da ido ba ya gani, Meloidogyne enterolobii, wadda ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. A kwarin kogin São Francisco na Barazil ta haɗa kai da Fusarium ta hallaka dubban hekta na gwaiba, kuma dashen da aka saya daga wuraren raino yana cikin abin da ya yaɗa ta. An tabbatar da ita a Najeriya a kan doya, a Nijar kuma a kan tattasai. Indiya ma tun 1935, a yankin Allahabad, take fama da ciwon bushewar gwaiba, kuma cibiyar binciken itatuwan marmari da ke Lucknow tana ba manoma shawarar zuba Trichoderma da wani zaɓaɓɓen nau'in Aspergillus niger cikin taki a ramin dashe. Saboda haka ƙasar da aka noma tumatir ko kuɓewa ko tattasai kada ta shiga ledar gwaiba. Idan babu wata, a jiƙa ta, a shimfiɗa, a lulluɓe da farar leda mai shara-shara a tsakiyar ranar bazara mako huɗu zuwa shida. Zafin zai kashe mafi yawan miyagun, amma zai tafi da na kirki da yawa. Ƙasar ta zama kango, wanda ya fara shiga shi ne mai gida. Lokacin ne takin da aka raini Trichoderma a ciki ya fi amfani.

Lokacin shuka ma yana da tasiri. Sanyin hunturu a Disamba da Janairu yana jinkirta tsira, zafin Afrilu kuma yana dafa baƙar leda idan babu rumfa. Ƙarshen sanyi ko farkon damina a ƙarƙashin rumfar kara mai barin haske ya ratsa ya fi. Ban ruwa kaɗan-kaɗan, da safe.

Tunda ƙasa ta bambanta, ruwa ya bambanta, garin da ake sayarwa ma ya bambanta, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ƙirga 'ya'ya ɗari-ɗari daga gwaiba iri ɗaya a kasa su huɗu. Kashi na farko ƙasa da yashi kawai, na biyu da ruɓaɓɓen taki, na uku da garin halittu babu taki, na huɗu da duka biyun. Dukkansu a jiƙa su daidai, a shuka rana ɗaya, a ba su ruwa ɗaya. A rubuta ranar da na farko ya fito, a riƙa ƙirgawa kowane mako har mako takwas, a kuma ƙirga waɗanda suka kwanta bayan sun fito, domin a nan ne bambancin ya fi fitowa. A ƙarshe a tuge goma daga kowane kashi, a wanke saiwar a ruwa a duba: fara ce mai rassa, ko baƙa ce mai ƙulli? Wanda ke kusa da tashoshin NIHORT, cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, na Bagauda a Kano ko Dadin Kowa a Gombe, ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, ya kai wa malaman gona littafinsa da saiwar da bai gane ba.

Waɗanda suka fito lafiya, idan sun kai tsawon yatsa da ganye huɗu zuwa shida, a mayar da kowanne ledarsa. Duk mai ƙulli a saiwa a ƙone shi, kada a ba maƙwabci. Sauran a raine su har kara ya kai kaurin fensir, abin da kan ɗauki wata shida zuwa shekara, sannan a kawo reshen gwaibar da ake so a yi aure.